Ba a Ba Kura Ajiyar Nama: Gwamnati da Mabuɗin Saƙonninmu

A watan Yuli na shekarar 2021, lokacin da Majalisar Tarayya ta zartar da ƙarin kasafin kuɗi, an cusa wasu layuka a cikin takardun waɗanda galibin jama'a ba su san da su ba sai da 'yan jarida suka tono su. An ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, watau NIA, naira biliyan 4.87 domin sauraren wayoyin mutane. Daga ciki an rubuta ƙarara cewa biliyan 1.93 na na'urar tare saƙonnin WhatsApp ne, biliyan 2.93 kuma na tare wayoyin tauraron ɗan'adam na Thuraya. Wakilanmu suka ce sun yarda, aka buga guduma, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa ya faru ne wata guda kacal bayan gwamnati ta rufe Twitter a faɗin ƙasar nan, rufewar da ta kai har Janairun 2022, wadda kotun ECOWAS ta ce daga baya ta saɓa wa doka.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da kuka bar wannan haraba jiya-jiya kuka shiga ofisoshin gwamnati, wannan magana tamu ce, domin mu ne muka fi kowa zama a cikin wayar nan. A cikinta muke shirya taron ƙungiya, a cikinta muke neman aure, a cikinta muke roƙon kuɗin rajista wajen kawu, a cikinta kuma muke faɗin abin da ke ranmu game da masu mulki. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake son saye da kuɗinmu.

Tun watan Afrilun 2016 kamfanin WhatsApp ya kulle dukkan saƙonnin da ke bi ta kansa, da irin tsarin da masu Signal suka ƙirƙiro. Yadda abin yake shi ne, kafin saƙonka ya bar wayarka sai ta hargitsa shi da lissafi ya zama shirme, babu mai iya mayar da shi magana sai wayar wanda ka aika wa, domin a cikinta kaɗai mabuɗin yake. Kamfanin layi yana ɗaukar saƙon amma ba ya iya karanta shi. Shi kansa WhatsApp dako kawai yake yi, bai san abin da ke cikin kayan ba. A zamanin iyayenmu, in ka jefa wasiƙa a akwatin gidan waya, abin da ke tsakaninta da idon ma'aikaci shi ne yawun da ka liƙe ambulan da shi da kuma tsoron Allah na ma'aikacin. Yanzu an sami ambulan ɗin da ba ya buɗuwa ko da ma'aikacin ba ya tsoron Allah. Wannan shi ne abin da ya hana gwamnatocin duniya barci.

To, in haka ne, me aka sayo da biliyan 1.93? Saƙon da ke kan hanya ba ya tsinkuwa, wannan lissafi ne, ba ya jin umurnin kowa. Abin da ya rage shi ne a shiga cikin wayar mutum ita kanta a ɓoye, a karanta saƙon kafin a kulle shi ko bayan an buɗe shi, kamar yadda manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila take yi. A 2019 WhatsApp ya kai wannan kamfani ƙara a Amurka bisa zargin kutsawa wayoyin mutane kimanin 1,400, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam. Ko kuwa a sace lambar mutum ta hanyar tare 'yar lambar tabbatarwa da ake aiko masa. Irin wannan kutse ba ya tsayawa a kan saƙo ɗaya: yana kwashe hotuna, yana iya kunna makirufo a cikin ɗakin kwana. Idan na'urar tana aiki, to an sayi ɓarawon da zai shiga har ƙuryar ɗaka. Idan kuwa ba ta aiki, sai a gaya mana inda kuɗin ya shiga. Ko wanne ne daga cikin biyun, Majalisa tana da bashin bayani a wuyanta.

Kada wani ya ɗauka abin ya fara ne da wannan gwamnati ko waccan. A 2013, zamanin Shugaba Jonathan, jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido a kan abin da 'yan Nijeriya ke yi a intanet. A 2016 jaridar ta ruwaito cewa gwamnonin Bayelsa da Delta sun kashe maƙudan kuɗi wajen sayen na'urorin sauraren abokan hamayyarsu. A Disambar 2020 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto suka lissafa Nijeriya cikin ƙasashen da suka gano alamun na'urorin kamfanin Circles, masu bin sawun waya da tare kira. Jam'iyya ta sauka, jam'iyya ta hau, kunnen nan dai yana nan a jikin bango, sai ƙara girma yake yi.

Na san amsar da ke bakin 'yan kanzagi, domin mun sha jin ta a ɗakin cin abinci da bakin masallaci: wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba shi da abin tsoro. Ina mamakin Bahaushen da zai iya furta wannan magana bakinsa bai yi nauyi ba. Mutumin da ya gina zaure a ƙofar gidansa domin baƙo ya tsaya nan ya yi sallama, ya karkata ƙofar shigifa domin kada mai wucewa ya hango tsakar gida, shi ne yau zai ce asiri na masu laifi ne? Mu da babbar addu'armu ita ce Allah ya rufa mana asiri? Wanda yake roƙon rufin asiri ba ɓarawo ba ne. Magidanci ne da bashi ya yi wa katutu, yarinya ce da ke gaya wa likita ciwon da ba ta iya gaya wa uwarta, ƙaramin akawu ne da ya ga maigidansa yana cika takardar kwangilar da ba a yi ba, yana neman ɗan jaridar da zai gaya wa ba tare da ya rasa abincinsa ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Addinin da mafi yawanmu muke bi ya haramta bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya lamunce wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Mai cewa ba shi da abin ɓoyewa, ya miƙo wayarsa a buɗe mu zagaya da ita ɗakunan kwanan ɗalibai na dare ɗaya, mu ga ko zai yi barci.

Sa'an nan kuma wa yake yanke hukuncin abin da ake kira laifi? Tarihin ƙasar nan ya isa ya koya mana. A zamanin En'e, ɗaukar katin NEPU ya isa ya sa 'yan doka su ja mutum gaban alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba don ta saci akuyar kowa ba. A 1976 aka kafa NSO, wadda sunanta kaɗai yake sa malamin jami'a ya rage murya, kafin a rushe ta a 1986 a fitar da SSS da NIA da DIA daga cikinta. A 1978 aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya saboda sun ƙi ƙarin kuɗin abinci, aka kuma haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A 1984 Doka ta 4 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian kurkuku, Doka ta 2 kuma ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. A watan Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Duk waɗannan, a idon gwamnatin ranar, barazana ce ga tsaron ƙasa. Ku yi tunani da a ce a wancan lokaci 'yan sandan ciki suna iya karanta duk abin da shugabannin ɗalibai suka raɗa wa juna, ba tare da sun sayi ko mutum ɗaya a cikinsu ba.

In wani ya ce ai wannan zamanin soja ne, ya wuce, sai mu tuna masa. A Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri, suka kwashe kwamfutoci. A 2020 Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ya bayyana yadda 'yan sandan Nijeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya suka gano abokan wasu 'yan jarida, suka sa su yaudaro su aka kama. A Nuwambar wannan shekara Babban Banki ya sa aka rufe asusun ajiya 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS. A Nuwambar 2022 aka ɗauke wani ɗalibi ɗan'uwanmu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda 'yan kalmomin da ya rubuta a Twitter game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A Nuwambar 2024 muka ga yara ƙanana, yawancinsu daga Arewa, an gurfanar da su a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar yunwa ta watan Agusta, wasunsu suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita. Wannan shi ne abin da aka yi da maganar da aka faɗa a fili. Hukumar da ta yi haka ita ce take neman a ba ta wadda aka faɗa a ɓoye.

Yanzu bari mu zo ga hujjar da ta fi kowace nauyi a wajenmu mu 'yan Arewa, domin ba zan yi kamar ban san ta ba. Ana kashe mu. Ana sace mu. An kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, an shiga kwalejin Afaka da Jami'ar Greenfield, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022, an shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023, an kwashi 'yan makarantar Kuriga a 2024. Uban da aka ɗauke wa 'ya, in ka ce masa a buɗe saƙon kowa za a dawo masa da ita, zai ce a buɗe, kuma babu mai zarginsa. Amma tambayar da ya kamata a yi wa masu wannan alkawari ita ce: da wace waya 'yan bindiga suke cinikin kuɗin fansa? Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san amsa. Kira ne na yau da kullum, a kan layin da kowa yake amfani da shi, wanda ba a yi masa irin wannan kulli ba, wanda kamfani ya san hasumiyar da ya fito, wanda doka ta riga ta ba jami'an tsaro ikon saurare. Tun Disambar 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar zama ɗan ƙasa, tsofaffi suka wuni a layi cikin rana, aka ce da an gama mai garkuwa da mutane ba shi da wurin ɓuya. A Satumbar 2021 aka katse sadarwa ɗungurungum a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Talaka ya rasa hanyar kiran agaji, ɗan kasuwa ya yi asara, daji kuwa bai zama kango ba. Manyan 'yan bindigar nan an san sunayensu, an san dazuzzukansu, wasunsu ma har hira suke yi da 'yan jarida, suna sakin bidiyo fuskarsu a buɗe. Gwamnatin da ta kasa kama mai magana da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, ita ce take cewa matsalarta raɗar da muke yi a ɗaka. Abin da ya hana a kama su yana wajen rashin niyya, da cin hanci, da ƙarancin jami'ai a karkara, da masu cin riba da yaƙin. Mabuɗin WhatsApp ba ya maganin ko ɗaya daga ciki.

Mu ɗauka ma, don a ci gaba da magana, cewa masu mulkinmu waliyyai ne. Har yanzu abin ba zai yiwu ba, kuma dalilin na sana'a ne. Abin da gwamnatoci suke nema shi ne a yi wa kullin wata ɓarauniyar ƙofa wadda su kaɗai za su riƙa bi. Maƙera wannan fanni sun shekara talatin suna gaya musu cewa ƙofa ba ta san fuskar mai shiga ba. A 1993 gwamnatin Clinton ta fito da wani ɗan guntun ƙarfe mai suna Clipper da za a sa a wayoyi, gwamnati ta riƙe mabuɗi na biyu. A 1994 wani masani, Matt Blaze, ya nuna ɓarakar da ke jikinsa, shirin ya mutu. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka kutsa cikin na'urorin kamfanin Vodafone, suka kunna sashen da aka gina musamman domin sauraren da kotu ta halatta, suka yi watanni suna sauraren wayoyi sama da 100, har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis. A 2024 kuwa abin ya faɗa kan mai gayya mai aiki: Amurka ta ce wasu masu kutse da ke da alaƙa da gwamnatin Sin sun shiga manyan kamfanonin sadarwarta, har suka kai ga tsarin da dokar 1994 ta tilasta a gina domin 'yan sanda su riƙa saurare. Sin ta musanta. Me jami'an Amurka suka shawarci jama'arsu a Disambar wannan shekara? Su koma amfani da manhajojin da ke kulle saƙo. Watau abin da suka shekara da shekaru suna zagi, shi suka ruga wajensa ranar da gobara ta tashi.

Idan Amurka da duk dukiyarta ta kasa tsare tata ƙofar, mu fa? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da lambar zama ɗan ƙasa, a kan naira 100. Hukumar da ke riƙe da bayanan ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, ko ta ina suka fita, sun dai fita. Ku da kuke aiki a ma'aikatu kun san yadda fayil mai tambarin sirri yake yawo. Ranar da aka ajiye mabuɗin saƙonnin mutane miliyoyi a wani ofis a Abuja, ranar ɗan damfara da ɗan siyasa da tsohon saurayi mai ƙullaci za su fara tambayar farashinsa. Su kuwa manyan miyagu sai su koma wata manhajar, domin lissafin kulle saƙo a buɗe yake ga duniya tun da Phil Zimmermann ya saki PGP a 1991. Doka za ta tsirara mai bin doka, ta bar wanda aka yi ta dominsa da rigarsa.

Turawan da suke zuwa su koya mana dimokuraɗiyya ma ba su da bakin magana a nan. A 2022 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shirin da zai ba da damar tilasta wa kamfanoni su riƙa bincika saƙonnin jama'a domin neman hotunan cin zarafin yara. A 2023 Ingila ta zartar da dokar da ta ba hukuma irin wannan iko, har shugabar Signal, Meredith Whittaker, ta ce gara su bar ƙasar da su raunana kullinsu. A Fabrairun 2025, bayan labari ya fito cewa gwamnatin Ingila ta ba Apple umurnin sirri ya buɗe mata ajiyar masu amfani da shi, kamfanin ya janye kullinsa mafi ƙarfi daga ƙasar. Cin zarafin yara mugun abu ne, babu mai musu. Amma na'urar da aka dasa a wayar kowa domin ta duba hoto kafin a aika, ba ta san bambancin jerin da aka ba ta yau da wanda za a ba ta gobe ba. Wanda ya rubuta jerin shi ne mai ita. Duk abin da Landan ta halatta wa kanta kuma, washegari za a kawo mana shi a ce ai har Ingila ana yi. Abin lura shi ne, a Fabrairun 2024 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam, a shari'ar Podchasov da Rasha kan Telegram, ta yanke cewa tilasta raunana kullin kowa domin a kama wasu ya keta haƙƙin sirri. 'Yan sanda kuma ba su rasa hanya ba in sun so aiki: a 2020 na Faransa da Holan suka fasa EncroChat, wayar da gungun masu laifi suka fi amfani da ita, a 2021 kuma aka kama mutane sama da 800 ta hanyar ANOM, manhajar da FBI da kanta ta yi tarko da ita. Sun bi masu laifi inda suke, ba su kwance wa duniya zane ba.

Kada kuma a ɗauka ina wanke kamfanonin nan. Meta ɗan jari-hujja ne, ba ya ƙaunarmu. Bai san abin da ke cikin ambulan ba, amma ya san abin da ke bayansa: wa ka yi wa magana, yaushe, sau nawa, daga wace waya. Wannan kaɗai ya isa a zana taswirar rayuwar mutum. Lokacin da hukumar kare masu saye ta ƙasa ta ci shi tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, ban zubar masa da hawaye ba. Sai dai gwamnatin da ta ce tana kare sirrinmu daga baƙo, ya kamata ta fara da kare shi daga kanta.

A nan ne gizo yake saƙa. Ikon sauraren waya a ƙasar nan, mafi yawansa yana cikin wata ƙa'ida ce da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019. Ta wajabta wa kamfanonin layi su girka na'urorin tare saƙo, ta ce su miƙa mabuɗin duk saƙon da aka kulle in yana hannunsu, ta kuma yarda a yi saurare ba tare da takardar alƙali ba in an ce akwai gaggawa, a nemi takardar daga baya cikin awa 48. Wa yake tantance gaggawar? Mai sauraren. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuma ta sa kamfanoni su ajiye bayanan kiranmu har shekara 2. A wannan shekarar ta 2019 ɗin dai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan dokar 'yancin jama'a a intanet da Majalisa ta zartar. Watau haƙƙin da Tsarin Mulki ya bayar, an bar hukumar da ba wanda ya zaɓe ta tana yanka masa iyaka.

Saboda haka ina kira ga majalisar wannan ƙungiya tamu, a zamanta na gaba, ta rubuta wa sanata da ɗan majalisar wakilai na wannan mazaɓa takarda a buɗe, ta kuma nemi sauran ƙungiyoyin ɗalibai su sa hannu. A tambaye su ko sun san abin da aka saya da biliyan 4.87 na 2021, da kamfanin da aka ba kwangilar. A nemi su kawo dokar da za ta hana sauraren kowa sai da takardar alƙali mai ɗauke da sunan mutum ɗaya da laifin da ake zarginsa da ranar da izinin zai ƙare, ta kuma haramta tilasta wa kowane kamfani ya raunana kullinsa. A nemi kowace shekara a buga wa jama'a yawan takardun da aka nema, da yawan waɗanda alƙalai suka ƙi, da yawan masu garkuwa da mutanen da aka ɗaure ta dalilinsu. A ba su wata guda. In sun amsa, mu buga amsar a wannan mujalla. In kuma sun yi shiru, mu bar shafin fari da sunayensu a samansa.